Jan Fenti a Bangon Zaurenmu

A shekarata ta uku a jami'ar Zinder, inda nake karatun tsara birane, malaminmu ya raba mana unguwanni, kowa ya zano taswirar tasa. Ni aka bar mini unguwarmu. Ba ni da surutu a aji, amma idan aka ba ni layi in ja, ba ya karkacewa.

Abokan karatuna daga waje suke awo, su ƙiyasta sauran, domin baƙon namiji ba ya wuce zaure. Ni kuwa ɗan gida ne. Matan da suka goya ni ne a ciki. Da na yi sallama sai in ji, "Shigo mana, yaushe ka zama baƙo?" Maƙwabciyarmu, tsohuwar da muke kira Inna, har kan igiyar awo ta riƙe mini a bakin rijiyarta.

"Ɗana, famfo za a kawo mana ne?"

Na ce, "Karatu ne kawai, Inna." Haka na sani, haka na faɗa.

Babu ɗaki ko turke da na bari. Malam ya ɗaga taswirar a gaban aji, ya ce haka ake aiki. Bayan ɗan lokaci ya ce wani ofishi ya nemi ya gani. Na yi murna, har na gaya wa Baba, yana kan kekensa na ɗinki a zaurenmu, inda abincin gidan yake fitowa.

Bayan damina wasu mutane suka zo da gwangwanin jan fenti, za a fitar da hanyar mota. A sauran unguwanni, an ce, sai da suka yi ta gardama da masu gidaje, aikin ya tsaya. A tamu ba su tambayi kowa ba. Takardar da ke hannunsu na gane ta tun daga nesa, taswirata ce. Suka shafa wa ɗakin Inna alamar rushewa, suka shafa wa zaurenmu.

Baba ya kwance keken, muka kai shi ƙarƙashin wata bishiya a bakin kasuwa.

Na ci jarrabawar da maki mafi yawa a ajin. Har yau idan na yi sallama a gidajen da suka rage, yaro ake turowa ya ce in jira a waje.