Lemun Gado da Rabin Ganga

A wani ƙauyen Hausawa da ke bakin tur'a, wato babbar magudanar ruwan ban gonaki, kudu da garin Wad Haddad, gida ɗaya ne tal ba shi da inuwar itace, gidan Malam Sambo. Ba rashin ruwa ba ne, ga tur'ar nan cike tana wucewa ta bayan danga. Dalilin shi ne Malam Sambo matafiyi ne. Haka yake faɗa, kuma kada ka kuskura ka yi murmushi a gabansa. Mahaifinsa ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare a nan yankin Jazira, ya tsaya tsinkar auduga, wai na shekara guda. A nan aka haifi Sambo, a nan ya yi furfura, amma wasiyyar tsohon tana nan daram a kunnensa: mai hanya ba ya shuka itace, don wanda ya shuka itace ya nuna wa Allah ya fasa tafiya. Maƙwabta tuni suka saki wannan zance, gidajensu cike da mangwaro da gwaiba. Shi kuwa Malam, da shekara saba'in da ɗoriya, akwatin ƙarfensa na nan a kusurwar ɗaki ɗaure da igiya.

Sai Allah ya haɗa shi da jika, Gado, ɗan 'yarsa Barakatu. An haifi yaron da sikila, ciwon da tsofaffi ke kira amosanin jini. Siriri ne kamar karan dawa, idanunsa rawaya-rawaya. An hana shi shiga ruwan tur'a, an hana shi noma, an hana shi ƙwallo. To, duk ƙarfin da aka hana gaɓoɓinsa sai ya tattaru a bakinsa. Kai, Gado da tambaya! Me ya sa ruwan tur'a ke yin ja da damina? Wa ya fara gano ana cin kuɓewa, kuma bai ji tsoron yauƙin ba? Ya taɓa kwance rediyon kakansa don ya ga inda masu magana ke zama, ya mayar da ita, ƙusa uku suka yi saura a hannunsa, kuma ta fi da kama tasha. In an ce ya yi shiru sai ya ce, “Matambayi ba ya ɓata.”

Ga shi da zuciya mai taushi. Tsofaffin matan unguwa wurinsa suke kawo wayoyinsu da takardun magani na Larabci, ya karanta, ya mayar musu da Hausa, ya kuma tambayi jikokinsu ɗaya bayan ɗaya da suna. In ciwon ya kwantar da shi a asibiti a birnin Madani, da zarar ya ɗan farfaɗo sai a gan shi yana jan sandar ƙarin ruwa daga wannan yaro zuwa wancan, yana cewa, “Kada ka ji tsoron allurar nan, ni tsohon ɗan gida ne, mun saba da ita.” Likitoci ma ba su tsira ba, sai sun faɗa masa sunan kowace ƙwaya da aikinta.

Tsakaninsa da kakansa kuwa wasa ne na jika da kaka, ba a ɗaga wa juna ƙafa. Alhaji Baɗi yake kiransa.

“Alhaji Baɗi, wai Makkan nan gudu take yi ne?”

“Sannu ba ta hana zuwa, ɗan nema.”

“Sai dai a daɗe ba a je ba. Tsoho, kun daɗe fa.”

Malam ya ɗaga sanda, Gado ya ɓuya bayan uwarsa yana ƙyaƙyata dariya. A ransa, Malam bai da wanda yake so a duniya kamar yaron nan, ko da yake da ya faɗa gara ya haɗiye carbinsa.

Gado na shekara goma sha bakwai ya dawo daga Madani da ƙwayoyin lemun tsami uku a ƙulle cikin takarda. Wata mai shayi a ƙofar asibitin ce ta ba shi lemun kyauta, ya sha, ya ce yana so ya ga yadda abu ƙanƙane haka ke zama itace. Malam ya ce atafau, ba a gidansa ba. Sai Gado ya ce, “To Tsoho, matafiyi yana ɗaukar kaya?”

“Wane irin zance ne wanga? Ina matafiyi ba kaya?”

Washegari sai ga gwangwanin madara cike da ƙasa a tsakar gida. “Wannan kaya ne,” in ji Gado. “Ranar tafiya ni zan riƙe shi a mota.” Malam ya juya maganar sama da ƙasa, ya rasa inda ta saɓa wa wasiyya. Barakatu ta shige madafa tana toshe baki da mayafi.

Ƙwaya ɗaya ce ta fito. Daga gwangwani ta koma jarkar mai da aka yanke, daga jarka ta koma rabin ganga. Gado na auna tsawonta da zare, yana ƙirga ganye, yana tsare duk manomin da ya wuce da tambayar taki. Shi kuma Malam ya kafa doka: kowace Juma'a kafin masallaci sai ya kama bakin gangar ya girgiza, ya tabbatar har yanzu kaya ne.

A shekara ta huɗu, wata Juma'a, ya kama ya girgiza, ganga ta ƙi motsi. Ya duƙa ya leƙa. Tsatsa ta cinye gindin, saiwa mai kaurin yatsa ta ratsa ta shige ƙasa abinta. Ga gatari nan a jingine da bango, sara ɗaya ya isa. Ya ɗago kai, ya hango Gado a ƙofar ɗaki cikin bargo, kwana uku da sallamo shi daga asibiti, yana hura shayi, yana yi kamar kaji yake kallo. Malam ya sa ƙafa ya tura ƙasa ya rufe saiwar, ya wuce masallaci.

Juma'a ta zagayo, bai je kusa da gangar ba.

“Alhaji Baɗi, yau ba a duba kaya?”

“Bayana ke ciwo.”

“Ayya, sannu. Ciwon baya kan daɗe fa.”

“Shina daɗewa,” in ji Malam, yana kallon wani wuri. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Shekara biyu cur bayan Malam bai warke ba, lemu kuwa ya wuce danga, har Barakatu ta fara tsinkar 'ya'yansa tana matsawa a kunu.

Da sanyin shekarar da Gado ya cika ashirin da uku ciwon ya tashi, aka kai shi Madani kamar kullum. Wannan karon bai dawo da ƙafarsa ba. Ƙauyen ya yi kuka na gaske, tsofaffin mata suka zauna da wayoyinsu a hannu ba su san wa za su miƙa wa ba. Malam Sambo ya ji kamar an zare masa ƙashin baya.

Bayan an dawo daga maƙabarta, samari suka zo kafa rumfar gaisuwa a tsakar gida. Gangar ta tsaya a daidai inda turke zai shiga. Mutum huɗu suka kama, ta ƙi. Khalid, ɗan maƙwabci, ya tona gindin da hannu ya ce, “Malam, ai ya kama ƙasa! A miƙo gatari in sare saiwar, mu matsar da shi gefe. Dama ka ce kaya ne.”

Dattawan ƙauye duk suna zaune, mutanen da suka shekara hamsin suna jin Malam yana yi musu gorin mangwaro. Kowa ya zuba masa ido.

“Aje gatarin nan,” in ji Malam. “Je ka wurin maƙeri ka aro mini kurfi da guduma. Gangar za a yanke.”

Wani tsoho ya ce a hankali, “Sambo, tafiyar fa?”

“Ubana na kwance bayan tur'ar nan. Yau na kai Gado kusa da shi. Wa zan bar wa su in tafi?”

Aka kafa rumfar a karkace don ta kauce wa lemun. Malam ya durƙusa cikin rana yana saran ƙarfen da kansa, masu gaisuwa na zuwa suna duƙawa su yi masa ta'aziyya a nan inda yake. Samari sun yi sun yi ya ba su gudumar, ya hana. Sai da aka kira la'asar gangar ta rabe biyu, ya jawo ƙasa da tafin hannunsa ya rufe gindin, sannan ya ce wa Barakatu ta kawo ruwa.