Ƙyallen da Tela Bai Zubar Ba

Shekara talatin da ɗoriya Tela ya yi yana taka keken ɗinki a wani ɗan shago da ke jikin gidansu, kusa da mahaɗar tituna uku, kuma ba wanda zai rantse ya taɓa ganinsa ya zubar da ƙyalle. Ɗinkin riga da wando bai dame shi ba, shi mai ɗinkin tuta ne. Tutar makaranta, tutar 'yan ƙwallo, 'yan ƙyallayen nan ruwan hoda da ma'aikatan asibiti ke maƙalawa a ƙirji saboda masu ciwon sankarar nono, baƙaƙen da ake ɗaurawa in wani babba ya rasu, duk daga ƙarƙashin allurarsa suke fita. Masu su na kuka a kansu, suna rantsuwa da su, shi kuwa ko a jikinsa. In an tambaye shi launin da ya fi so, sai ya ce wanda ba ya zuba a wanki.

Ɗinkinsa ba a magana, sai dai yadi ya mutu ya bar zare. Aibinsa ɗaya, maƙo. Akwai wani buhu a ƙarƙashin teburin yanka, duk abin da almakashi ya zubar nan yake shiga, ko da bai fi faɗin yatsa ba. Ƙanensa Dogo, direban tankar ruwa, ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Yaya, ranar da ka cika da buhun nan za mu yi maka sutura, ka shiga kabari kamar bakan gizo."

"Kai dai ci gaba da dariya," in ji Tela. "Wandonka na makaranta daga ina ya fito?"

Da zaɓe ya matso, jam'iyyu biyu suka raba garin, 'yan Ja da 'yan Kore. 'Yan Ja suka fara zuwa, ya ɗinka musu ƙyallayen ɗaurawa a damtse, ragowar jan yadi ta cika buhu. Bayan mako biyu 'yan Kore suka kawo nasu aikin, da wani yadi shara-shara da ko allura ba ya riƙewa. Dole sai an yi masa shafi, wato a ninka wani yadin ta ciki don ya yi ƙwari. Tela ya dubi buhu, buhu ya dube shi. Ya shafe koren nan kaf da ja, ya lanƙwasa bakin ya bi da ɗinki yadda ba a gani ta waje. A ransa ya ce, wa zai tsaya duba cikin ƙyalle?

Ranar da aka faɗi sakamako gari ya kama da wuta. Mutanen da jiya suke aron tsintsiya a gidajen juna, yau suna farautar juna da adda saboda launi. Unguwar su Tela ta 'yan Kore ce, sai samari suka tare mahaɗar da tayoyi da ƙarafa, duk wanda ba shi da kore a damtse ya shiga uku.

Kwana uku ba fita, maganin hawan jinin Inna, mahaifiyarsu, ya ƙare. Tsohuwa ta kwanta tana dafe ƙeya. Da safe Dogo ya ce zai leƙa kantin magani da ke hayin mahaɗar.

"Tsaya," in ji Tela. Ya ɗauko ragowar kore ɗaya a aljihun keke, ya ɗaura masa da hannunsa, ya ja ƙulli. "Kada ka yi wa kowa gardama. Ka ji ni ko?"

"Na ji, Yaya. Yau dai maƙonka ya yi rana."

Tela ya tsaya a ƙofar shago yana kallon bayansa. Ya ga an tsayar da shi. Ya ga wani ƙato mai tabo a goshi ya damƙe shi a damtse ya fizgo shi gefe don a caje shi. Ƙyallen ya murɗe a ƙarƙashin yatsun ƙaton, cikinsa ya juyo waje, ja wur.

"Ɗan Ja ne! Fuska biyu gare shi! Ɗan leƙen asiri!"

Dogo ya buɗe baki, gora ta rufe masa shi. Haƙora suka zube a kwalta. Wani ya sare shi a gwiwa ya durƙusa, wani ya sauke masa ƙarfen taya a kafaɗa, har daga shago Tela ya ji ƙashi ya ce ƙas. Suka rufe shi, ba ka ganin komai sai hannuwa na hawa da sauka, kowanne da kore a ɗaure, kowanne ɗinkin Tela.

Bai san lokacin da ya isa wurin ba, ba takalmi, tef ɗin awo na lilo a wuyansa. Ya kutsa yana ihu har muryarsa ta dishe.

"Ku juya naku! Don Allah ku juya naku ku gani! Ni na ɗinka, duk haka suke!"

Gwiwar hannun wani ta fasa masa leɓe. Ya cafki damtsen mai tabo ya juya masa ƙyallensa a gaban idonsa. Ja. Na kusa da shi ya juya nasa. Ja. Ɗaya bayan ɗaya gorori suka sauka, ƙarti ashirin suka tsaya cirko-cirko kowa na kallon damtsensa, jinin ɗan unguwarsu na ɗiga daga makamansu. Ka ce kunya za ta kama su? Ina! Haushi ne ya kama su. Mai tabo ya kayar da Tela, ya take masa hannun dama a kan kwalta, ya daka yatsun da ƙotar adda har sau uku.

Tela bai ma ji zafin ba. Da jan ciki ya isa wurin ƙanensa, ya ɗora kan Dogo a cinyarsa. Ido ɗaya ya fashe, ɗayan na kallonsa, takardar maganin Inna na dunƙule a hannunsa. Kafin a samo abin ɗaukarsa rai ya yi halinsa.

Yau shagon yana nan, amma makaniki ne a ciki. Tela na zaune a gida da yatsu huɗu a ƙage, ko maɓallin rigarsa sai matarsa ta saka masa. Ba ya zagin 'yan Kore, ba ya zagin 'yan Ja, kansa kawai yake tsana, kuma ba ya ɓoyewa. Ya ce da aka zo wanke Dogo, rigarsa ta yage, wandonsa ya yage, fatar jikinsa ma ta yage. Da aka kwance ƙyallen aka miƙo masa, ya juya shi ciki da waje da hannun hagu yana dubawa. Ko zare ɗaya bai warware ba.