Muryar Maharazu Ladanin Kahu

A Kahu, in aka ambaci Maharazu, ba fuskarsa ce ke fara zuwa wa mutum a rai ba. Baƙi ne siriri mai ɗan gemu a haɓa, irin mutanen da za ka wuce a kasuwa ba ka waiwaya ba. Muryarsa ake tunawa. Tsofaffin mata kan ce in ya ɗaga ta da asuba, har mai jegon da ba salla za ta yi ba sai ta tashi zaune ta saurara.

Ɗan Malam Badamasi ne, mai makarantar allo a zauren gidansa. Maharazu ya sauke Alƙur'ani, ya ɗan taɓa littattafai, amma bai yi zurfi kamar yayyensa ba, noma ya fi jan hankalinsa. Ladanci kuwa faɗo masa ya yi. Wata rana tsohon ladanin unguwarsu ya kwanta ciwo, lokacin la'asar ya yi, liman ya duba sahun samarin da ke alwala ya ce, "Kai ɗan Malam, tashi ka kira mana." A lokacin masallacin bai san lasifika ba. Maharazu ya hau dakali, ya sa yatsu a kunne, ya buɗe baki. Masu aiki a gonakin da ke kan hanyar Unguwar Gai suka ce sun ji shi tangaran, har wasu suka ajiye fartanya suna tambayar wane baƙo aka yi. Tun daga ranar ba a sake neman wani ba.

Matarsa Uwa 'yar Rurum Sabon Gari ce. Biki ya kawo ta Kahu, ta ji kiran magariba tana tsakar gidan amarya, ta tambaya wane ne mai wannan murya. Ƙawayenta suka yi ta tsokanarta, har maganar ta kai kunnensa. Ita da kanta takan ba da labarin tana dariya, ta ce da ta gan shi ido da ido sai da ta sake tambaya ko dai ƙaninsa ne.

Bayan rasuwar Malam Badamasi aka raba gona, abin da ya zo hannun Maharazu bai wuce a zagaye shi kafin a gama tauna goro ba. Ga yara sun fara tasowa. Ladanci kuwa aikin lada ne, ba ya cika rumbu. Da ya ji wani kamfanin shara da goge-goge daga Kano yana neman ma'aikata a Rano, sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya je. Kamfanin ya karɓi kwangilar tsabtace wani babban ɗakin taro da masaukin baƙin da ke jikinsa. Aka ba shi riga shuɗiya, da tsintsiya, da bokiti, da sandar goge tayil. Wasu a gari suka yi ta gunaguni, wai ɗan malami guda da wankin banɗaki. Shi dai amsarsa ɗaya ce: "Tsarki ai daga addini yake. Kuma ba roƙo na fita ba."

Rayuwarsa ta koma tsakanin garuruwan biyu. Ya kira asuba a Kahu, ya karya, ya kama hanya duwatsun Rano na ƙara girma a gabansa. Azahar da la'asar wani tela mai suna Zailani ke riƙe masa. Amma magariba ba ya yarda ta kuɓuce masa. Ko ana ruwa sai ya taho, ya jingine babur a gindin darbejiya, ya yi alwala yana haki, ya ɗan tsaya numfashinsa ya daidaita, sannan ya kira.

A wurin aiki ya samu wata dattijuwa, Lubabatu, wadda ta daɗe tana wannan sana'a tun a Kano. Ita ta nuna masa yadda ake matse tsumma, da yadda ake fara goge ɗaki daga ƙurya a fito da baya don kada a taka inda aka wanke. Hannayenta duk sun yi kanta, fatar yatsunta ta daddare.

"Yaya Luba, me ya sami hannunki haka?" ya tambaye ta a makonsa na farko.

"Aikin nan ne, Malam. Ruwan wankin nan cin fata yake kamar gara. Safar hannu sau ɗaya ake ba mu, in ta yage sai ka ji da kanka."

Magungunan wankin a jarkoki ake kawo su, babu rubutu a jiki, a zuzzuba musu a robobin ruwan sha da aka gama da su. Da launi da wari suke gane su. Akwai bilic mai sa abu ya yi fari, akwai wani mai ƙarfi da suke kira asid, na cire dattin da ya kama masai. Babu wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga wanda ake haɗawa, ga wanda ba a haɗawa. Takunkumin rufe hanci kuwa tun na zamanin korona da ya ƙare ba a sake kawo wani ba. Mai kula da su, Oga Habu, ba mugu ba ne. Shi ma daga sama ake matsa masa, abin da ya sani shi ne a gama a kan lokaci.

Ranar da abin ya faru Asabar ce. An yi walimar aure a ɗakin taron, aka bar wurin kaca-kaca, ga shi kuma da azahar wata ƙungiya za ta yi taro. Oga Habu yana ta kai da kawo yana tafa hannu. Maharazu ya ɗauki banɗakin maza na can ƙarshe, wanda tagarsa ta daɗe a ƙulle da ƙusa saboda ɓarayi, fankar da ke jan iska kuma ta mutu tun bara. Ya zuba bilic ya goga, dattin ya ƙi fita. Ya ji muryar Oga Habu a waje yana cewa, "Malam Maharazu, baƙi fa sun kusa!" Sai ya ɗauko ɗaya robar ya tuttula a kai, a zatonsa ƙarfi biyu ya fi ɗaya.

Abin ya yi kumfa, wani wari ya taso ya soke shi a hanci. Idonsa ya cika da ruwa. Ya ja numfashi don ya yi tari, sai ya ji kamar ya haɗiyi garwashi. Ya juya zai fita, ashe iska ta turo ƙofar ta rufe, ga marikinta a karye ta ciki, kullum da bokiti suke tare ta. Ya buga. Ya buɗe baki zai yi kira, wannan muryar da ake ji daga gonaki ta ƙi fitowa.

Lubabatu ce ta ji faɗuwar bokiti. Ta zo ta sa kafaɗa ta banke ƙofar, warin ya buge ta har ta ja da baya. Ta cire mayafinta ta naɗe hanci, ta shiga ta kamo shi ta wuyan riga ta jawo shi waje, tana salati tana kiran a kawo ruwa a kira mai mota. Oga Habu da kansa ya ɗauke shi a mota zuwa asibiti.

Daga Rano aka tura su Kano. Ya yi kwanaki da robar iska a hanci, Uwa na zaune a gefen gado tana jan carbi. Da ya farfaɗo sosai likita ya yi masa bayani a hankali: waɗannan ruwa biyu in suka haɗu hayaƙi mai guba suke fitarwa, kuma ya ƙona masa maƙogwaro da hanyar numfashi. Rai dai Allah ya tsare.

Maharazu ya yi ƙoƙari ya tattaro abin da ya rage masa na murya, ya ce, "Likita, kiran salla fa?"

Sai da likitan ya sunkuyo ya sa ya maimaita. Sannan ya ce, "Malam, wasu takan dawo musu, wasu ba ta dawowa duka. Mu ba shi lokaci."

Ya koma Kahu da murya kamar ana jan busasshen kara a ƙasa. In ya yi magana mai tsawo sai tari ya sarƙe shi. Jama'a suka yi ta zuwa dubiya, kowa da maganinsa: wannan zuma da citta, wancan man shanu da kanumfari, wani rubutu. Duk ya sha. Zailani ya karɓi ladanci gaba ɗaya, ya zo har gida ya durƙusa ya ce, "Riƙo nake yi maka, Malam. Ranar da ka warke, wurinka na nan." Maharazu ya dafa kafaɗarsa ya gyaɗa kai.

Zailani mutumin kirki ne, kiransa kuma daidai yake, babu kuskure. Sai dai gajere ne, yakan yanke inda Maharazu ke ja. Duk magariba, in lasifika ta yi ƙara alamar za a fara, Maharazu kan tsinci kansa ya miƙe tsaye a tsakar gida ba tare da ya yi niyya ba. Ƙirjinsa ya cika da iska yadda ya saba, leɓɓansa su bi kalmomin, in Zailani ya sauka shi yana nan bai gama ba a zuci. Uwa takan ga haka daga bakin murhu, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da hura wuta.

Wata rana ta kasa daurewa ta ce, "Malam, ka zauna mana. Tsayuwar nan tana ƙara maka ciwo."

"Ba ni nake tashi ba, Uwa," ya ce a hankali. "Jikin ne bai san an sauke shi ba."

A masallaci ya koma sahu na biyu. Abin da ya fi yi masa zafi ba tausayin da ake nuna masa ba ne. Wata Juma'a ya ji wani baƙo na tambayar wane ne wancan mai shaƙaƙƙiyar muryar, aka ce masa ai tsohon ladan ne. Tsohon ladan, shi da bai cika arba'in da biyar ba.

Bayan wasu watanni Lubabatu ta zo gaishe shi, ta kawo wa yara rake. Ta zauna a tabarma ta ba shi labarin wurin aiki. An cire ƙusoshin tagar nan, an gyara ƙofa. Jarkoki yanzu da rubutu da zane a jiki, an raba safar hannu da takunkumi da dogon takalmin roba. Wani ya zo daga Kano ya tara su ya ce kada wanda ya kuskura ya haɗa magani da magani, kuma kada a yi wanki a rufaffen wuri.

"Da sunanka suke jan kunnen mutane," in ji ta. "In sabon ma'aikaci ya zo sai a ce, a ba shi labarin Malam Maharazu."

Ya yi murmushi. "To, alhamdu lillahi. Da dai sun faɗa tun kafin a sami labarin."

"Oga Habu ya ce in gaya maka, in kana so ka dawo, akwai aikin tsakar gida, ba ruwanka da magani."

Ya girgiza kai. Ko warin sabulun wanki mai ƙarfi yanzu tayar masa da tari yake yi. Ya raka ta har bakin hanya, ya tsaya yana kallon motar da ta hau ta nufi Rano.

Ya koma ga 'yar gonarsa, ya ƙara da kiwon awaki. Da damina ta zauna, dawa ta yi tsawo har ta rufe mutum, wata la'asar ta riske shi shi kaɗai a gona. Daga nan ba a jin lasifikar gari in iska ta juya. Ya duba inuwa ya ga lokaci ya yi. Ya yi alwala da ruwan gorarsa, ya waiga gabas da yamma bai ga kowa ba. Sai ya fuskanci alƙibla, ya sa yatsu a kunne.

Kabbarar farko ta fito a dishe, tana rawa. Ya ci gaba. Wajen shahada tari ya kama shi, ya dafa gwiwa ya jira ya lafa, ya ɗora daga inda ya tsaya. Bai ja ko ɗaya ba, numfashin ba zai kai ba. Da ya kai ƙarshe hawaye na bin gemunsa, shi kansa bai san na tarin ne ko na wani abu ba.

Sai ya ji motsi a cikin dawa. Wani dattijon Bafulatani ne ya fito daga burtali, sanda a kafaɗa, buta a hannu, shanunsa na kiwo a bayansa. Maharazu ya san shi sama-sama, Muhammad sunansa, rugarsu na can gefen rafi. Kunya ta kama shi, ya fara goge fuska.

"Sannu Malam," in ji dattijon. "Na ji an kira salla, na ce bari in zo kada jam'i ya wuce ni."

"Ka ji?" Maharazu ya tambaya.

"Ina bayan kukar can. Da ƙyar dai, amma na ji."

Ya tsuguna ya yi alwala, ya shimfiɗa rawaninsa a kan kunya. Suka yi ta ja-in-ja a kan wanda zai shiga gaba, daga ƙarshe dattijon ya ja su, Maharazu ya tayar da iƙama. Da suka sallame suka ɗan zauna, suka yi maganar ruwan bana da tsadar dusa. Wata saniya ta nufi gyaɗar maƙwabci, dattijon ya miƙe da sauri yana daka mata tsawa, ya bi ta cikin burtali. Maharazu ya ɗauki fartanyarsa, akwai sauran kunya biyu da yake so ya gama kafin rana ta faɗi.