Gurbi Uku a Allon Doña Zoila

Zoila Anchundia ta shiga kamfanin kifin gwangwani na garin Manta da ke bakin teku tana budurwa, da wuƙa a hannu da takalmin roba da ya fi ƙarfin ƙafarta. Ubanta masunci ne daga garin Jaramijó. Wata shekara ya fita teku bai dawo ba, uwar ta tara yaran ta ce kowa ya nemi inda zai tsaya. Zoila ta tsaya a teburin gyaran kifi. Ana kawo kifin tuna dafaffe yana tururi, mata su ɓare fata, su zare ƙaya, su kankare baƙin nama, su tura farar tsoka gaba. Ƙarnin ya kama gashinta da fatarta, har mijinta Eleodoro, kafin rasuwarsa, yakan ce ba ya bukatar leƙa waje, in ya ji kuliyoyin unguwa sun tashi ya san matarsa ta sauka daga mota.

Da shekaru suka tura aka ba ta shugabancin teburan safe, sunanta ya koma Doña Zoila, wato Uwargida Zoila. Mace ce gajera mai kauri, muryarta na keta ƙarar injuna. Ita ke raba wa mata lokacin aiki, kuma da baki take rabawa. Wadda za ta kai yaro asibiti ta raɗa mata, Zoila ta ce je ki, ki biya ni da yamma. Wadda mijinta ya dawo daga teku bayan wata biyu, ta kalle ta sama da ƙasa ta ce gobe kada in ga fuskarki kafin rana ta ɗaga, teburi ya kwashe da shewa. Ba waliyyiya ba ce. Tana da 'yan gaban goshi, kuma wadda ta taɓa yi mata rashin kunya takan daɗe tana wanke ƙasa. Amma kifi ba ya kwana a teburinta, shi ya sa manya ba su taɓa tambayar yadda take yi ba.

Babbar 'yar gaban goshinta ita ce Perpetua Mero. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki, kuma Zoila ce ta riƙe 'yar Perpetua a coci ranar baftisma, tun daga nan suke kiran juna komadre. Mijin Perpetua, Wilfrido, direban babbar mota ne har ranar da ɓarin jikinsa ya shanye. 'Yar tasu ta yi aure can birnin Quito. Kullum da safe sai Perpetua ta wanke shi, ta ba shi abinci a baki, ta jira maƙwabciyarta ta dawo daga kai yara makaranta ta karɓe ta, sannan ta kama hanya. Takan iso an yi nisa da aiki, ta kuma zauna bayan kowa ya tashi ta cike abin da ya wuce ta. Shekaru ana haka, ba wanda ya yi asarar ko ƙaya ɗaya.

Sai masu kamfanin suka sayar wa wasu mutanen birnin Guayaquil. Sababbin suka kafa na'urar dangwala yatsa a ƙofa, suka ajiye kwamfuta a ɗan ofishin da ke kallon tebura, suka turo wani injiniya mai suna Holger ya koya wa shugabanni manhajar jadawalin aiki. Mutum ne siriri mai haƙuri, kullum da hankici a hanci saboda ƙarni. Ya zaunar da Zoila ya nuna mata allon. Gurbi uku ne, aikin safe, aikin rana, aikin dare, kowanne da lokacin shiga da na fita. Sunayen mata na jere a gefe. Aikinta ta jawo kowane suna ta saka a gurbinsa, mako bayan mako. Na'urar ƙofa ta kama lokacin da kowa ta dangwala, manhaja ta gwada da jadawali, wadda ta makara sunanta ya yi ja.

Zoila ta koya. Yatsunta masu kanta sun sha wuya da ɗan linzamin kwamfutar nan da ke zamewa a tebur, amma ba ta yarda a yi mata dariya ba. Wasu matan ma murna suka yi. Wata mai suna Digna, da ta daɗe tana wanke ƙasa, ta faɗa da ƙarfi don a ji, cewa yanzu an kawo shugabar da ba ta da komadre. Zoila ta ji, ta haɗiye, don ta san akwai gaskiya a ciki.

Da ta zo kan sunan Perpetua sai ta tsaya.

"Injiniya, wannan tana shiga tsakanin safe da rana. Ina zan sa ta?"

"A safe ko a rana, Doña."

"Na ce maka tsakani."

"Babu tsakani." Ya matso ya nuna mata wani ɗan wuri a kusurwar allo, inda aka rubuta ƙirƙirar sabon gurbi. Rubutun ya dushe, ta danna bai motsa ba. "Akwai shi, kin gani, manhajar za ta iya. Amma a kulle yake daga Guayaquil. Ni kaina ba ni da mabuɗin."

"To wa ke da shi?"

"Sai dai a aika da buƙata."

Ya aika a gabanta. Ta sa Perpetua a safe, don da yamma maƙwabciyar tana fita sayar da soyayyar agade, babu mai zama da Wilfrido. Washegari sunan ya yi ja. Holger ya nuna mata inda shugaba ke iya rubuta uzuri, jan ya goge. Ranta ya yi sanyi. Kullum da safe, kafin ta ɗaura atamfar roba mai kare gaban riga, sai ta zauna ta rubuta da yatsa ɗaya, miji ba lafiya. Aka yi kwanaki ana haka, har wata safiya wurin rubutun ya dushe shi ma. Ashe uzurin yana da iyaka a wata, ta cinye.

Ta hau sama wurin Maritza, mai kula da ma'aikata, wadda ake kira Lisensiyada saboda digirinta. Mace ce mai fara'a, ta ba ta kujera, ta saurare ta har ƙarshe.

"Doña Zoila, na san Perpetua, wa bai san ta ba? Amma a nawa allon ma a kulle yake. In aka buɗe wa mutum ɗaya, sun ce, sai an buɗe wa dubu."

"Ba dubu na kawo miki ba, ɗaya na kawo."

"Zan sake tuna musu."

"Ba ni lambarsu in kira da kaina."

Maritza ta ba ta. Zoila ta kira a lokacin cin abinci, tana tsaye a bayan ɗakin ƙanƙara. Wata murya ta ce ta danna ɗaya, ta danna biyu, aka sa mata kiɗa. Daga ƙarshe wani saurayi ya ɗauka, ya ce su masu gyaran manhaja ne kawai, maganar gurbi ta kamfani ce. Ta kira kamfani, aka ce maganar manhaja ce. Ta dawo miyar kifinta da rogo ta huce, mai ya daskare a kai.

Matan teburi sun san abin da ake ciki. A wurin cin abinci suka yi ta kawo dabara.

"Da kati ne irin na da, da ni zan riƙa buga miki," in ji wata tsohuwa, Doña Amada, tana kallon Perpetua.

"Ki yanke babban yatsan ki ba mu, komadre," in ji Zoila, tana son ta ga Perpetua ta yi dariya. "Mu sa shi a ƙanƙara tare da kifin tuna, kullum in dangwala miki."

"Ki yanke biyu, ɗaya na ajiya," in ji Amada.

Perpetua ta yi dariya har da hawaye. "Ku da wuƙaƙenku marasa kaifi? Sai dai ku gutsura da haƙori, Amada kuwa ba ta da su."

Digna ba ta yi dariya ba. Da aka watse ta tsaya kusa da Zoila tana wanke hannu, ta ce a hankali, ita tana aikin rana mako mai zuwa, in musanya za ta yi amfani a ɗauki nata. Zoila ta kalle ta da mamaki ta yi godiya. Musanyar ba ta da amfani, don ba gurbin wani Perpetua ke nema ba, gurbin da babu shi take nema.

Da jan ya taru, takardar gargaɗi ta fito da kanta, da sunan Zoila a ƙasa a matsayin shugaba, alhali ba ta rubuta ko harafi ba. Ita ta miƙa wa Perpetua. Perpetua ta karanta, ta ninke, ta cusa a rigarta.

"Gobe za ki gan ni da wuri," ta ce.

"Wilfrido fa?"

"Zan wanke shi da asuba, in kwantar da shi a gadon raga mai lilo, in kunna masa rediyo. Ɗan lokaci ne kafin maƙwabciya ta dawo. Ina zai je? Rawa?"

Zoila ta so ta hana, amma ba ta da abin da za ta ba ta a madadi.

Kusan mako biyu sunan Perpetua bai yi ja ba. Tana isowa idanu a kumbure, tana aiki tana kallon ƙofa. Sai wata safiya mai gadi ya shigo har teburi ya kira ta. Wilfrido ya miƙa hannunsa mai lafiya zai ɗauki kofin ruwa, ragar ta juye da shi. Maƙwabciya ta tarar da shi kife a siminti, goshi a fashe, ya ɓata jikinsa, yana kuka ba sauti. Perpetua ta fita da atamfar roba a jikinta, ba ta dangwala fita ba, wannan ma manhaja ta rubuta.

An ɗinke goshin, ya koma gida. Perpetua ta koma zuwa a makare kamar da. Ba ta sake yi wa Zoila maganar ba, Zoila kuma ta daina ce mata ana kan duba buƙatar.

Ran nan Zoila ta kunna kwamfuta ta tarar da saƙo a tsakiyar allo. Ma'aikaciya ta wuce iyakar makara, shugaba ta danna ta tabbatar ta gani. Ta kira Holger.

"In ban danna ba fa?"

Ya cire hankicin daga hancinsa. "Zai jira ki kwana biyu, Doña. Daga nan ya wuce sama da kansa."

"To me ya sa ake tambayata?"

Sai kawai ya ce ya sake aika buƙatar gurbin jiya, ya sa mata alamar gaggawa. Ta ga idonsa, ta san ba ƙarya yake ba, sai ta rasa wanda za ta zaga. Duk rayuwarta in abu ya ɓaci akwai fuskar da za ta tunkara, manaja ko direba ko mai awo, ta yi masa ihu har ya gaji. Yanzu kowa na ba ta kujera yana ba ta haƙuri.

Ba ta danna ba. Ta rufe allon da tawul ta koma teburi, ta karɓi wuƙa ta yi gyaran kifi da hannunta yini guda, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ranar Litinin tana tsaye a ƙofa lokacin da Perpetua ta iso. Perpetua ta goge yatsa a siket ta ɗora, fitila ta yi ja. Ta sake gogewa ta ɗora. Mai gadi ya sunkuyar da kai ya ce Lisensiyada na son ganinta a sama.

"Komadre, ban danna ba," in ji Zoila. "Na rantse da kabarin Eleodoro, ban danna ba."

"Na sani." Perpetua ta gyara jakarta a kafaɗa. "Wuƙata tana cikin akwatina, kada ki bar wa Amada, za ta dakusar da ita. Koma ciki, kifi na huce miki."

An sallame ta da abin da doka ta ce. Yanzu tana zuwa kasuwar bakin teku da hantsi, masu sayen ɗanyen kifi su ba ta ta kankare ta yanka musu, rana na dukanta, rairayi na shiga idonta. Wata rana a samu, wata rana ta dawo da kan kifi kawai na miya. Amsar Guayaquil ta zo bayan watanni, Holger ya kawo wa Zoila da kansa. An rufe buƙatar, saboda ma'aikaciyar da ake magana a kanta ba ta cikin jerin ma'aikata.

Zoila tana nan a kamfanin, saura 'yan shekaru ta yi ritaya, kuma akwai jikoki biyu a gidanta. Ta ƙware da manhajar, jadawalin mako guda ba ya ɗaukar ta lokacin shan kofi. Muryarta ta ragu. In mace ta zo ta raɗa mata wata larura, ba ta ƙara cewa je ki ki dawo ba. Takan jawo mata kujera, ta juya allon ta nuna mata, ta ce 'yata, ga abin da nake da shi, zaɓi wanda zai fi miki sauƙi. Wasu su zaɓa, wasu su tashi suna share ido.

Ranar Lahadi bayan coci takan hau mota zuwa gidan Perpetua da ƙullin gyaɗa da ɗanyar agade. Su biyu suke ɗaga Wilfrido, ɗaya ta kama kafaɗa ɗaya ta kama ƙafa, su zaunar da shi a kujerar roba a tsakar gida su yi masa wanka. Ya yi nauyi, su kuma sun tsufa, sai sun huta a hanya. Perpetua takan tambayi labarin Amada da ciwon gwiwarta, da wadda ta haihu da wadda mijinta ya gudu. Zoila ta ba ta labarin kowa. In la'asar ta yi, Perpetua ta raka ta bakin titi, su tsaya suna jiran mota.