Hancin Baba Baduku

Tun ina ƙarami hannuna ba ya zama lafiya. Mahaifina malamin allo ne a Gummi, kuma cikin duk karatun da ya ɗora ni a kai, abin da ya fi shiga kaina shi ne zayyanar da ake yi wa allon sauka. Daga nan idona ya koma kan ƙoren Inna da zanen da aka sassaƙa musu a baki, sai kuma bayan manyan motocin da ke zuwa lodin albasa, waɗanda ake zana wa zaki mai kama da kyanwar da ta ƙoshi. Da na samu shiga sashen zane a kwalejin horar da malamai, Malam bai hana ba. Ya dai ce in tsaya ga itatuwa da gidaje, in ƙyale fuskokin bayin Allah. Na ce masa to, amma ban ƙyale ba.

Da hutu ya zo, malaminmu na zane ya ce kowa ya nemi fuska ɗaya ya yi ta zana ta har hannunsa ya haddace ta. Wahalar ita ce, mutanen garinmu ba su iya zama shiru ba. Ka ce wa mutum kada ya motsa, nan take zai tuna ƙeyarsa na ƙaiƙayi, ko ya hango wani ya tashi gaisuwa. Mutum ɗaya kawai na samu, wani dattijon baduku mai rumfa a bakin kasuwa. Daga hantsi har azahar yana duƙe a kan fata, ba abin da ke motsi a jikinsa sai hannu.

Na ce, "Baba, ka yarda in riƙa zana ka?"

Bai ko ɗago ba ya ce, "In dai ba ka hana ni aiki, yi abin da kaka so."

Hutu biyu na yi a gindin rumfar nan, na cika littattafai uku. Yana da wani hanci da ba a mantawa, dogo, da ɗan tudu a tsakiya, ya ɗan karkata hagu, ga kuma gemu a ƙasansa. Har na kai ina iya zana shi ina hira da wani. Ranakun da ba na samunsa su ne na cin kasuwar Bukkuyum da ta Adabka, wani lokaci har Anka, domin a can yake sayar da mafi yawan takalmansa.

A wannan lokacin ina da zafin kai a kan ɓarayi, tun da aka zare min waya a tashar mota. A teburin mai shayi ni ne alƙali, ni ne mai gabatar da ƙara. Nakan ce zuwa kotu ɓata lokaci ne, yau a ɗage, gobe a ɗage. A ganina maganin ɓarawo kunya ce: a manna fuskarsa a bakin kowace kasuwa, kowa ya san shi, ya rasa inda zai sa kansa. Ina faɗa ina buga tebur, har mai shayi ya riƙa janye gwangwanin madararsa.

Ana nan, wata Juma'a maza duk suna masallaci, aka sace injin ban ruwa a fadama. Shi ne na uku a ranin nan, don haka rai ya ɓaci. Mutum ɗaya ce ta ga ɓarawon, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da nake kira Kaka. Ta je yankar wa awakinta ciyawa, ta hango wani yana ɗaure injin a bayan babur. Shugaban 'yan bangar unguwarmu kuwa ya sha jin wa'azina a wurin mai shayi, kuma ya taɓa gani a waya cewa a ƙasashen waje shaida kan faɗi kamanni, mai zane ya fito da ɓarawo a takarda. Sai ga shi a ƙofar gidanmu bayan la'asar. Ban san lokacin da na fere fensir uku ba.

A zauren gidanmu aka zauna. Kaka ba ta taɓa zama a tsakiyar maza ana yi mata tambaya ba. Ta ja mayafi, ta kafe tabarma da ido. Abin da na manta, don ɗoki, shi ne tsohuwa a wurinmu ba ta musu da mai karatu a gaban jama'a, ko da kuwa ita ta goya shi.

Na ce, "Kaka, dogo na ko gajere?"

Ta ce, "To, bisa babur shike, ɗan nan."

"Hancinai hwa? Dogo na?"

"Hakanan na."

"Shina da gemu?"

"Kai ka sani. Ai ku ad da karatu."

Duk abin da na tambaya, hakanan na. Inda ta yi shiru kuma, hannuna ya cike gurbin da abin da ya saba. Ni ban lura ba, hankalina yana kan inuwar ƙarƙashin ido da yadda zan burge mutane. Da na gama aka yi ta kabbara. Shugaban 'yan banga ya ɗauki hoton zanen da wayarsa, ya tura wa abokan aikinsa na Bukkuyum da Anka, su ma suka tura gaba. Wani a bakin ƙofa ya ce kamar ya san mutumin nan, na ɗauka yabo ne. Ranar ko tafiyata ta canja.

Washegari da hantsi na nufi rumfar Baba Baduku don in ba shi labarin bajintata. Na tarar ba kowa, basillarsa ta ɗinki tana yashe a kan tabarma, ga takalmi ƙafa ɗaya bai gama ɗinki ba. Mai facin da ke maƙwabtaka da shi ya ce 'yan banga sun tafi da shi gidan mai unguwa tun da safe. Ya miƙo min wayarsa ya ce, "Kai ma duba, ai ba ya musu." Na kalli zanena kamar wani ne ya yi shi. Ga tudun hancin nan, ga karkatar. Ba abin da na rage sai basilla.

Na sheƙa gida na kwaso duk littattafaina, na isa ƙofar mai unguwa ina haki. Jama'a ta cika. Baba Baduku yana zaune a ƙasa, an cire masa hula, ana jiran a gama magana a miƙa shi ga 'yan sanda. Ya riga ya faɗa musu ko keke bai iya tuƙawa ba, balle babur, wani ya ce ai manyan ɓarayi duk haka suke cewa. An kuma kawo Kaka, aka nuna shi aka ce, "Shi na?" Ta dubi takarda, ta dube shi, ta ce, "To, ai ga shi nan ga takarda."

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, laihina na, ba nashi ba."

Na shiga buɗe littattafai. Ga mai shayi da hancin baduku. Ga wani mai haƙar zinari da na zana a motar Bagega, da hancin baduku. Ga shi kansa shugaban 'yan banga, wanda na taɓa zanawa a ɓoye, shi ma bai tsira ba. Har ragon layyar Inna da na zana bara, in ka dube shi da kyau za ka so ka miƙa masa takalmi ya ɗinke maka. Aka fara murmushi ƙasa-ƙasa, amma mai injin ya ce wannan duk dabarar 'yan boko ce.

Mai unguwa mutum ne mai faɗin fuska da ɗan guntun hanci. Ya gyara rawaninsa ya ce, "To, ɗan Malam, zana ni yanzu muna kallo."

Allah ya sani na yi iyakar ƙoƙarina. Na dube shi, na auna da fensir, na goge, na sake. Da na miƙa takardar, ya duba ta, sannan ya juya ta ga jama'a. Baba Baduku ne sak, an naɗa masa rawani.

Mai unguwa ya ce, "Ashe ni ma ina cikin masu satar inji."

Wurin ya kece da dariya, har wani ya dafa bango. Shugaban 'yan banga da kansa ya kaɗe hular Baba ya mayar masa, aka ba shi haƙuri, aka ce ƙaddara ce. Ya tashi ya gaida mai unguwa, ya gaida kowa, ya tafi. A duk taron nan shi kaɗai ne bai yi dariya ba, kuma na gani.

Injin dai har yau ba a gan shi ba. Ni kuma daga ranar na ajiye alƙalancin teburin shayi. Har yanzu ina ƙin sata, kuma har yanzu ina jin haushin wanda ya ɗauke min waya. Amma na daina raina mai cewa a dakata a bincika. Jinkirin da nake zagi, shi ne ya ba ni lokacin zuwa gida in ɗauko littattafai. Da an bi irin shari'ar da nake bugun tebur a kanta, da kafin in iso an gama da dattijon nan, kuma ni ne zan fi kowa yin tafi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, a zauren nan ba wanda ya yi ƙarya. Kaka ladabi ta yi, 'yan banga aiki suka yi, ni kuma gwaninta na nuna.

Kunya ta hana ni zuwa rumfarsa har kusan mako biyu. Na lallashi kaina cewa tunda an yi dariya, magana ta ƙare. Inna ce ta ƙulle min goro a leda ta ce ko in je da ƙafata, ko ta kai ni da kanta.

Da na isa, sai na ga wani baƙon tsoho a rumfar, mai ɗan tsukakken haɓa, yana ɗinki. Har na buɗe baki zan tambaye shi ina mai rumfar, sai ya ɗago.

Na ce, "Baba! Ina gemun?"

Ya nuna min tabarma na zauna. Ya ce ya je kasuwar Bukkuyum, ko kaya bai gama shimfiɗawa ba mutane suka zagaye shi, kowa da waya a hannu, ana dubansa ana duban hoto. A Adabka kuma, wani da ya shekara goma yana sayen takalmi a hannunsa ya janye baburinsa daga kusa da shi, ya sa masa kwaɗo. Kasuwa biyu, ko ƙafa ɗaya bai sayar ba. Su can hoton ya je musu, labarin gidan mai unguwa bai je ba. Da ya dawo sai ya wuce wurin wanzami.

Ya ce, "Tun da anka haihi ɗiyata ta hwari aska ba ta taɓa shi ba. Amma abinci ya hi gemu."

Na ajiye goron a gabansa, na ce ya yafe min. Na ce zan bi shi Bukkuyum da Adabka da littattafaina, in yi wa kowa bayani.

Ya ce, "Na yahe maka tun ran nan, ɗana. Kasuwa kau mu tai, Allah shi sa su saurare ka." Ya ja zare, ya ɗaure, ya yanke da haƙori. "Ni ba kasuwar ta hi damuna ba. Jikata 'yar shekara biyu, kullum in na koma gida ita ka tarbe ni bakin ƙohwa. Yau kwana huɗu da askin nan, in na miƙa hannu sai ta ruga bayan uwatta tana kuka."

Ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya miƙo min rabi, ya ci gaba da ɗinkinsa.