Kwazazzabon Bayan Gidanmu

Babana malamin jami'a ne, labarin ƙasa yake koyarwa. In ka tambaye shi fanninsa, sai ya gyara tabarau ya ce yadda birni ke cin ƙasa da yadda ƙasa ke ramawa. A unguwarmu ta Romi kowa Dakta yake ce masa.

Akwai kwazazzabo a bayan gidanmu. Lokacin da muka tare, ɗan rami ne da nake tsallakewa in an aike ni sayen burodi. Sai aka yi ta gine-gine a saman tudu, kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti ya juyo bakin kwatarsa gangare. Ruwan unguwa kaf ya zama ba shi da hanya sai bayan kicin ɗin Mama. A kicin ɗin nan take suyar cincin da take kai wa masu shaguna a Sabon Tasha. Ita ta gina shi, bulo bayan bulo, tun kafin Baba ya zama Dakta.

A layinmu an san maganin rami. Ka kira masu kwasar shara da baro, ka nuna musu bakinsa, su riƙa juyewa. Leda, toka, tsumma, tsohuwar katifa, duk abin da ya samu. In ya taru a bi da jar ƙasa a danne. Maƙwabcinmu, wani tsohon soja, haka ya yi, har ya shuka ayaba a kai.

Baba ya hana. Ya ce shara ba ta riƙe ruwa, tura shi gaba kawai take yi, kuma ruwanta na tsiyaya cikin rijiyoyin mutane. Sai ya kakkafa fegi na ƙarfe daga katangar kicin har bakin ramin. Duk ranar da aka yi ruwa, zai fita da takalmin roba da tef ɗin awo ya rubuta abin da ruwa ya ci. Bincike yake yi, in ji shi, wanda zai sa hukuma ta zo ta gina magudana.

"Baban yara, taku nawa ya rage?" Mama kan tambaya.

"An rubuta wa ma'aikata."

"Ba takarda na tambaye ka ba."

Tsohon sojan kuwa in ya hango shi ta kan katanga sai ya ɗaga murya: "Dakta, ya ɗalibin naka? Kullum dai gaba yake yi, ko zai ci jarrabawa bana?"

Shekarar da na gama sakandare ina gida ina taya Mama suya. Ni nake zama ta jikin bangon baya, ni na fara ganin tsagar da ta bi shi tun daga ƙasa. Taku huɗu ya rage, ba sai da tef ba. Da Baba ya tafi wani taron malamai na sati biyu, ban shawarci kowa ba. Na tare masu baro a bakin titi na nuna musu hanya. Mama ta leƙo, ta ga baron farko, ta ce, "Ni dai ban gani ba," ta koma kan kaskonta.

Cikin kwana goma rami ya cika har baki. Wari kam an sha shi, ƙudaje har cikin falo. Fegin Baba duk suka nutse.

Ranar da ya dawo ko jaka bai ajiye ba ya zagaya baya. Ya dubi tarin sharar.

"Ina fegina?"

"Suna ƙasa, Baba."

"Shekara shida ina bin ramin nan. Saura damina ɗaya in kammala."

"Shi ma ramin saura damina ɗaya ya kammala."

Bai mare ni ba. Ni da marin ya yi da ya fi mini. Cewa ya yi, a hankali, irin tunanina ne ya lalata garin nan, tunanin wanda bai ga gaba da katangarsa ba. Washegari ya kawo leburori da shebur. Kwana uku suna haƙo sharar, suna neman fegi ɗaya bayan ɗaya kamar masu haƙar kuza. Garin haƙa suka zaftare gefen da ke riƙe da gindin bangon. Na nuna masa, ya ce ya gani.

Kicin ya tafi cikin watan Agusta, da rana tsaka, Mama tana coci wurin zumuntar mata. Ina tsaye a ƙofar ɗaki. Bangon baya ya fara zamewa kamar mai neman wurin zama, kwanon rufi ya bi shi, sai manyan kasake biyu da buhun fulawa. Da Mama ta dawo ba ta yi kuka ba. Ta tuɓe ɗankwalinta, ta ninke, ta tambaye ni ko na rufe kajin.

Ba zan ce ƙarya Baba ya faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Damina ta gaba ayabar soja ta zame da sharar da ke ƙarƙashinta, kuma mutanen gangare sun daina shan rijiyarsu. Amma sojan ya samu shekarun da mu ba mu samu ba, kuma magudana har yau ba a gina ba. Mama yanzu a ƙofar gida take suya, ƙarƙashin rumfar kwano, in hadari ya taso mu kwashe kaya a guje.

Binciken ya fita, Baba ya zama farfesa. Wata rana ina share teburinsa na buɗe mujallar da aka buga shi. A tsakiya ga hoton kicin ɗinmu, rabinsa a rami, ana ganin ludayin Mama rataye a bangon da ya tsira. Turancina ya isa in karanta abin da aka rubuta a ƙasa: gidan wata mazauniyar unguwa.

Na kai masa har falo na ce, "Baba, wace ce wannan matar?"

Ya ce ƙa'idar bincike ce, ba a ambaton suna.

Na ce to, ni ma ba zan gaya mata an buga ba.