Ranar da Ozella Ta Cire Farar Safa

Shekara talatin da ɗaya Ozella Baisden ta yi tana shan duka a ɗakin Ubangiji, ba ta taɓa ramawa ba. Aikinta ke nan. A ƙaramin cocin katako da ke bakin fadama a gaɓar tekun jihar Jojiya, idan an gama wa'azin Lahadi sai a ture bencina jikin bango, mai sanda ya fara buga daɓen katako, jama'a su shiga da'ira suna jan ƙafa, suna tafi, suna amsa waƙa. Idan Ruhu ya sauko wa mutum, sai ya fita hayyacinsa ya yi ta wurgi da hannuwa. A nan ne Ozella da mata uku masu fararen kaya da farar safar hannu za su riƙe hannun juna su kewaye shi, don kada ya fasa kansa da murhu ko benci.

Haƙorinta na gaba wata ƙatuwar mata ce ta fitar da shi da gwiwar hannu. Wani dattijo mai kamun kaguwa ya karya mata hanci da ƙeya, jini ya wanke mata riga, ta toshe da hankici ta ci gaba da riƙo. Ba wanda ya taɓa ba ta haƙuri, ita ma ba ta nema ba, domin dukan da aka yi cikin Ruhu ba a tuhumar kowa a kansa, ba a ma tambayar dalili. Sai dai tana da ido. Wanda ya zo da ƙarya don ya mangare maƙwabcinsa a fakaice, za ta matsa kusa da kunnensa ta ce, "Ɗan'uwa, Ruhu ba ya auna inda zai buga. Kai kuwa na ga kana leƙe. Je ka zauna."

'Ya ɗaya gare ta, Verlene, wadda ta auri Cleotis mai buga sanda. Cleotis a jirgin kamun jatan lande yake aiki, hannunsa kamar guduma, ga fara'a kamar ya haɗiye ka don so. Mu 'yan cocin duk wannan fara'ar ta ruɗe mu, kuma abin kunya ne a gare mu.

Wata rana Verlene ta zo gidan uwarta da kumburarren leɓe, ta ce, "Ƙofar firji ce, Mama."

Ozella ta ajiye wuƙar da take yanka kuɓewa. "Ni za ki koya wa rauni? Firjin naku yatsu huɗu gare shi?"

Verlene ta sunkuyar da kai. Sau biyu Ozella tana kai maganar wurin Fasto Mungin, sau biyu yana cewa a dage da addu'a, tsakanin miji da mata sai a hankali. Ta koma gida zuciyarta na tafasa, ga tsoro ya hana ta sakat.

Ranar wata Lahadi cikin watan Agusta, rana tsaka, zafi kamar a tukunya, aka shiga da'ira. Ozella ta lura Verlene ba ta yin tafi, hannunta na hagu manne yake da haƙarƙarinta. Da waƙa ta yi zafi sai yarinyar ta yi tangaɗi, Ozella ta tare ta kamar yadda ta tare ɗaruruwa. Sai ta ji ƙashi ya motsa a ƙarƙashin safarta. Verlene ta ƙwalla ƙara, sannan ta raɗa mata, "Ya ce in na faɗa, a teku za a tsince ni."

Cleotis bai daina bugu ba. Yana murmushi ya ce, "Ku ja ta gefe, Mama, kada waƙa ta huce."

Ozella ta miƙa 'yarta ga sauran matan. Ta ratsa tsakiyar da'ira kai tsaye, abin da ba a yi. Ta fizge sandar daga hannun Cleotis. Bugun farko a wuyan hannunsa na dama ya sauka, ƙarar karyewar ta kai har bencin baya. Na biyu a muƙamuƙi, haƙora biyu suka faɗo kan daɓe. Ya durƙusa yana tofar da jini, ta ƙara masa a gwiwa, ya kife.

Nan take matan uku suka riƙe hannu suka kewaye ta, ɗaya ta ɗaga murya, "Ruhu ne ya kama ta." Jama'a suka amsa da amin. Ƙofar kuɓuta suka buɗe mata, kuma ta gane.

Fasto Mungin ya matso yana share gumi. "'Yar'uwa Ozella, Ruhu ne, ko ba haka ba?"

In ta ce i, magana ta mutu. Za ta riƙe safarta da mutuncinta, ba mai tambayar dalili, kuma da yamma Verlene za ta bi mijinta gida ta yi jinyarsa har hannun ya warke.

"Idona biyu, Fasto," in ji ta. "Na auna. Hannun da yake dukan 'yata da shi na fara karyawa. Ku ɗaga rigarta ku gani, ku da kuka ce a yi addu'a."

Aka ɗaga. Shatin takalmi ne baƙi ƙirin daga hammata zuwa ƙugu. Cleotis na nan kife yana nishi. Ozella ta zare safar, yatsa bayan yatsa, duk ta jiƙe da jini, ta ajiye a kan benci.

Dattawan coci suka yanke cewa wadda ta zubar da jini da gangan a ɗakin Ubangiji ba za ta sake sa fararen kaya ba. Ba ta yi musu ba, ita ma haka za ta yanke. Verlene kuwa daga asibiti gidan uwarta ta wuce, Cleotis ya bar garin da hannu a ɗaure.

Shekara tara da suka rage mata a duniya a bencin baya ta yi su. Duk lokacin da wani ya yi tangaɗi a da'ira, hannuwanta sukan buɗe da kansu a kan cinyarta. Sai Verlene, da ke zaune kusa da ita, ta kama ɗaya ta riƙe.